Waya, Rakoda ko Rediyo: Wanne Ya Dace da Mai Ɗaukar Jawabi da Bibiyar Labarai?

Wani ƙanena mai karatun aikin jarida ya tambaye ni kwanan baya: an ba su aikin zuwa taro su ɗauko jawabai su rubuta rahoto, ya sayi rakoda ne ko wayarsa ta wadatar? Ba ɗalibai kaɗai ke da wannan tambaya ba. Akwai sakataren ƙungiya mai rubuta bayanan zama, akwai mai bin karatun malamai, akwai mai bincike da ke tara abin da 'yan siyasa suka faɗa a rediyo. Duk abin da zan ce musu ɗaya ne: kafin ka ciro kuɗi, ka san inda za ka zauna da tazarar da ke tsakaninka da bakin mai magana.

Idan hira ce da mutum ɗaya a ofis ko a zaure, wayarka ta isa, ko Tecno ce ko Infinix. Amma waya ba ta son nisa. Na taɓa zuwa wani zaman tattaunawa na mutum huɗu a wani babban ɗakin taro, na zauna can baya, wayar na kan gwiwata. Da na koma gida na kunna, ƙarar fanka na ji, da gurnanin janareta, da tarin wanda ke gefena. Adadin kuɗin da wata baƙuwa ta ambata, wanda shi ne zuciyar rahoton, ya nutse. Ga shi kuma kira ya shigo ana tsakiyar magana, ɗaukar ta yanke. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin zaman ba zai maimaitu ba. Tun ranar nake sa waya a yanayin jirgin sama kafin a buɗe taro da addu'a.

Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga yana rage wannan matsala da kuɗi kaɗan. Boya BY-M1, misali, igiyarsa mita 6 ce, yana amfani da ɗan batir irin na agogo, LR44. Ka duba ko wayarka na da ramin iyafis, don sababbi da yawa ba su da shi, sai an haɗa da adafta. Sai dai makirufo ɗaya na mutum ɗaya ne. A zaman da mutum biyar ke musayar magana, ba za ka riƙa cire shi daga wannan riga kana maƙala wa waccan ba.

A nan rakoda ke nuna amfaninta. Kana ajiye ta a kan teburin masu magana ko kusa da lasifika, ka koma kujerarka, wayarka na hannunka. Biyu zan kwatanta. Sony ICD-PX470 ƙarama ce, tana da ma'ajiyar gigabait 4 a cikinta, kuma bakin USB a jikinta yake, sai ka turo shi ka soka a kwamfuta. Zoom H1n kuwa ba ta da ma'ajiya, dole ka sayi katin memori, tana karɓar har mai gigabait 32. Makirufo biyu ne a kanta, akwai maɓallin murɗawa na ƙara ko rage ƙarfin sauti, kuma kunnenta ya fi kaifi, har motsin yatsunka da iska tana ɗauka, don haka a fili sai an sa mata soso. Dukansu batir AAA biyu suke ci, irin wanda za ka samu wajen mai tireda, abin da ke da muhimmanci ranar da aka ɗauke wuta. A ganina, wanda zai saurara ya rubuta ne kawai, Sony ta ishe shi. Wanda zai saka muryar a rediyo ko a intanet, shi ne ya kamata ya ƙara kuɗi ya ɗauki Zoom. Ka kuma lura da tsarin ɗauka: MP3 na yau da kullum yana cin kusan megabait 1 a minti ɗaya, WAV kuwa kusan 10.

Bibiyar labarai wani fanni ne daban. Rediyon cikin waya FM kaɗai yake kamawa, galibi sai ka soka iyafis ya zama eriya. A birnin Kano za ka ji Freedom Radio a 99.5 tangararas, amma ka yi nisa da gari sai shuru. Rediyo mai gajeren zango kuwa, ko Kchibo mai araha ko Tecsun mai nuna lambar tasha a fuska, ba ya jiran tashar gari. 'Yan'uwa a Nijar sun ga haka da aka dakatar da RFI a Agustan 2023, sannan BBC na wata uku a Disambar 2024. Amma maganar rediyo in ta wuce ta wuce. Mai son ambato lafazin minista daidai, sai ya nemi shirin a shafin tashar ko a YouTube, ya mayar da shi baya ya sake ji, ko da zai ci data.

Ranar saye, ko a Farm Centre ko a titin Beirut, kasuwannin waya na Kano, kada ka karɓi kaya a kwali ka juya. Sa batir, kunna, ja da baya taku biyar ka yi magana, sannan ka saurara da iyafis. Katin memori ma a gwada shi a gabanka, jabu sun yi yawa. Ka haɗa da ɗan littafi da biro: rubuta sunayen masu magana bisa tsarin zamansu, da mintin da rakoda ke nunawa duk lokacin da aka faɗi adadi ko alkawari.

Ƙanen nawa makirufon wuya ya fara saye, don yawancin aikinsa na bana hirarraki ne. Rakoda kuma ya ce sai lokacin da zai tafi koyon aiki a gidan rediyo.