Futura ko Helvetica: wanne ya fi dacewa da banar gasar ƙwallo?

Ɗan'uwa, ka ce za ka buga banar gasar ƙwallon unguwarku, kana son haruffa masu kauri, waɗanda suka karkata dama kuma ba su da 'yan ƙafafuwa a bakin kowane harafi, sai ka tsaya tsakanin samfuran haruffa biyu, Futura Bold Oblique da Helvetica Bold Oblique. Amsar ta dogara da yawan kalmomin da za ka sa, da kuma harshen da za ka rubuta su da shi.

Futura ta girmi Helvetica da shekara 30. Bajamushe Paul Renner ne ya zana ta, kamfanin Bauer da ke Frankfurt ya fitar da ita a 1927. Ginin haruffanta na lissafi ne: O kusan cikakkiyar da'ira ce, wasu kuma miƙaƙƙun layuka ne da kusurwoyi. Ƙananan haruffanta gajeru ne, sandunan b, d, k da l kuma dogaye. Ita kuwa Helvetica a Suwizalan aka yi ta a 1957, aikin Max Miedinger da Eduard Hoffmann na kamfanin Haas. Neue Haas Grotesk ake kiranta da farko, sai a 1960 aka canja mata suna. Ƙananan haruffanta manya ne idan ka gwada su da manyan, kuma bakin c, e da s a kwance yake yankewa.

Dukansu biyu karkatarsu ba irin ta rubutun hannu ba ce. Tsayayyen harafin aka tura ya jingina, ba a sake masa siffa ba. Ta Helvetica digiri 12 ce. Wannan jinginar ce ke sa ido ya ji kamar kalmar tana gudu, shi ya sa masu kayan wasanni ke sonta.

Idan kalma ɗaya ko biyu ce, kuma da manyan haruffa, Futura ta fi tsawa. Dubi tambarin Supreme, kamfanin tufafi na birnin New York da aka kafa a 1994: farin rubutun Futura mai nauyi a karkace cikin jan akwati, ba wani ado. Mai zane Barbara Kruger ta riga su amfani da wannan salon a ayyukanta. GASAR ƘWALLO ko WASAN ƘARSHE a Futura zai cika ido daga nesa. Sai dai tana cin fili, domin zagayayyun haruffanta faffaɗa ne, kuma Hausa cike take da a. Ga wani abu kuma: ƙaramin j na Futura sanda ce kawai da ɗigo, ba ƙugiya a ƙasa. A kalma kamar jama'a ko jiya, wanda ya hango daga kan babur zai iya ɗauka i ce ta zarce.

Helvetica ba ta da wannan kwarjinin, a ganina ma ta ɗan yi sanyi a babban take. Amma da zarar ka zo layin rana, fili, lokaci da lambar waya, ita ce ke riƙe aikin, don ƙananan haruffanta sun fi cika ido a girma ɗaya. Ka dai buɗa tazarar haruffan kaɗan. Bakin e da a nata a matse yake, idan tawada ta ɗan bazu a kan leda sai ya kusa toshewa.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu. Ba wanda ya zana waɗannan biyun da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ransa, kuma kwafin da ke yawo a kwamfutocin shagunan ɗab'i sau da yawa ba shi da su. Sai ka rubuta ƘWALLO, manhaja ta aro Ƙ daga wani samfurin, ya fito siriri kuma a tsaye, sauran haruffan masu kauri suna jingine kusa da shi. Wani lokaci akwati ne ma zai fito. Tun kafin ka biya kuɗi, ka sa mai aikin ya rubuta ƙ, Ƙ, ɗ, Ɗ, ɓ, Ɓ a manhajar zanensa ta CorelDRAW ka gani da idonka. Kada ka yarda a cire ƙugiyar a bar K, don ƙarshe da karshe ba ɗaya ba ne a idon mai karatu. Ka kuma sani, duka biyun na sayarwa ne, kuma Windows ba ta zuwa da su. Arial da Century Gothic da za ka iya tararwa a kwamfutar shagon dangi ne kawai a kama.

Ni dai da banar tawa ce, Noto Sans zan ɗauka, wadda Google ta ba da kyauta. Tana da dukkan haruffanmu masu ƙugiya, tana da mai kauri a karkace, har da wanda ya fi shi kauri. Ba ta kai Futura ƙaƙƙarfan hali ba, amma za ta rubuta ƘWALLO daidai. Idan kuwa taken na Turanci ne, ko ba ƙugiya a cikinsa, sa Futura a sama, Helvetica a ƙasa, kuma layin lambar waya ka bar shi a tsaye, kada ka karkata shi.