Xi'an: Sojojin Yumɓu ko Babban Masallaci?

Baƙon da yini ɗaya kacal gare shi a Xi'an, tsohuwar fadar sarakunan Sin, sai ya zaɓa.

Sojojin yumɓu suna wajen gari, tafiyar kusan kilomita 40. Manoma masu haƙa rijiya ne suka tono su a 1974: dubban mutum-mutumi a sahu, da dawakansu, suna gadin kabarin Sarki Qin Shi Huang. Kowanne da irin fuskarsa da ɗaurin gashinsa. Abin al'ajabi ne, amma daga bayan shinge za ka leƙa, cikin turmutsutsu, kuma rabin yini ya tafi.

Ni dai masallacin ya fi kwanta mini a rai. Yana tsakiyar gari, a unguwar Musulmin Hui. An ce an kafa shi a 742, kodayake yawancin gininsa na zamanin daular Ming ne. Ba kubba, rufi ne mai lanƙwasa irin na Sinawa, tsakar gida bayan tsakar gida, ga ayoyin Alƙur'ani sassaƙe a katakon bango. Har yau ana sallah a ciki. Kana fitowa kuma ga romon rago da ake marmasa gurasa a ciki, halal ne.