Ofishin haɗa takardun neman kwangila (tenda) da ke PZ a Zariya: sun iya takarda, ba su san ƙarfe ba

Duk wanda ya tashi a Palladan ko Hanwa a Zariya ya saba da ƙarar ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa suna shawagi tun da sanyin safiya. Tun 1964 kwalejin take nan, kuma ina jin ƙarar nan ce ta ja ni cikin sana'ar ƙarfe. Yau ina da ɗan wurin aiki a Muciya: injin sassaƙa ƙarfe guda biyu, ɗaya na hannu ɗaya mai aiki da kwamfuta, sai yara huɗu da nake biya albashi. Yawancin abin da ke ciyar da mu gyaran kayan injin niƙa ne da na famfon ban ruwa. Amma tun da na ga an ƙaddamar da Tsaigumi, jirgin nan marar matuƙi na sojojin sama, a Kaduna cikin Fabrairun 2018, na sa wa raina cewa wata rana sai hannuna ya taɓa irin wannan aikin.

Damar ta zo a farkon 2023. Wata cibiyar bincike ta gwamnatin tarayya, ba a jihar nan take ba kuma ba zan kama sunanta ba, ta buga talla tana neman wanda zai ƙera mata teburin gwajin injin ƙaramin jirgi marar matuƙi, ya kafa shi, ya riƙa kula da awonsa tsawon shekara. Teburin ba wani abin mamaki ba ne: ka ɗaure injin da farfelarsa, ka tayar, wani ɗan ma'auni ya gaya maka ƙarfin turin da yake bayarwa. Aikin na iya shi. Takardun da aka jero a ƙasan tallan ne suka sa na ji kaina ya sara.

Wani abokina ɗan kwangilar gini ne ya kai ni ofishin da nake son yin magana a kansa. Bene ne a PZ, ka hau matakala mai duhu, ka wuce shagon masu hoton fasfo. Ɗaki biyu ne, fanka ɗaya, injin ɗab'i babba da na'urar ɗinke takardu. Mai ofishin dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin akanta, sai wata matashiya da ke kan kwamfuta, wadda daga baya na gane ita ce ofishin gaba ɗaya.

Ranar farko dattijon bai ko kalli zanen da na ɗauko ba. Ya ce, "Injiniya, ajiye wannan tukuna. Ina takardar harajinka?" Na miƙa masa ta shekara ɗaya. Ya yi murmushi ya ce ta shekara uku a jere ake so. Daga nan ya ɗauko farar takarda ya shiga lissafa mini: rajistar kamfani ta CAC, shaidar hukumar fansho ta PenCom, ta asusun horar da ma'aikata na ITF, ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilar gwamnati, asusun kamfani da akanta mai lasisi ya bincika, wasiƙar banki, sai rantsuwar kotu cewa babu wani jami'in cibiyar da yake da hannun jari ko kujerar darakta a kamfanina. Cikin jerin nan biyu kaɗai nake da su cikakku.

A nan ne suka ci kuɗinsu, kuma na yafe. Ban san cewa PenCom ba ta ba ka shaida sai ka yi wa ma'aikatanka inshorar rai ta rukuni ba, wadda za ta biya ninki uku na abin da mutum yake samu a shekara idan ta Allah ta kasance. Ban san cewa shaidun nan na PenCom da ITF da NSITF duk suna mutuwa ranar 31 ga Disamba ba, ko da a Nuwamba ka karɓa. Matashiyar nan ta san wace takarda ce take jiran wace, don haka ta fara da wadda ta fi jan lokaci. Ta gano cewa sunan kamfanina a takardar haraji ya sha bamban da na CAC da harafi ɗaya, abin da na shekara shida ban lura da shi ba. Ta ce, "Yallaɓai, wannan kaɗai ya isa a jefar da fayil ɗinka, ba wanda zai tsaya tambayarka." Sau biyu ta sa na koma ofishin haraji har aka gyara. Kuma ko sau ɗaya ba su yi mini tayin takardar bogi ba, ko su ce in kawo na goro a kai wa wani a ciki. Wanda ya san harkar nan ya san wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Kuɗin aikinsu a dunƙule suka yanka tun farko, aka rubuta, rabi kafin a fara rabi ranar rufe ambulan. Ba su ce sai na ba su kaso idan na ci ba. Da tsada, amma ba su ƙara ko sisi a hanya ba.

Matsalar ta ɓullo ne saura kwana huɗu a rufe karɓa. Tendar ambulan biyu ce, ɗaya na bayanin fasaha ɗaya na farashi, kowanne a liƙe daban. Dattijon ya ce in bar musu bayanin fasahar, suna da samfuri. Da yamma na je dubawa, matashiyar ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Shafi na uku ina karantawa na ga an rubuta cewa kamfanina zai kawo injin kwaɓa siminti da mota mai juye yashi. Samfurin ginin ajujuwa ne suka canza masa suna. A wurin tabbatar da inganci an sa gwajin bulo. Ko kalma ɗaya babu a kan yadda za a daidaita ma'aunin turi, alhali shi ne zuciyar aikin: ka rataya masa nauyin da aka riga aka tabbatar, mataki mataki, kana hawa kana sauka, ka rubuta abin da ya nuna, ka ga ko yana komawa sifili. In ma'aunin ya yi ƙarya, duk lissafin da masu binciken za su ɗora a kai na nauyin da jirgin zai iya ɗauka ya rushe.

Na ce, "Baba, waɗanda za su karanta wannan injiniyoyi ne fa." Ya ce, "Ɗana, shekara nawa ina wannan aiki, ba wanda yake karanta tsakiyar fayil." Mai yiwuwa a kwangilar kujeru da magudanar ruwa gaskiyarsa ne. A nan kuwa an karanta, don daga baya sun kira ni suna tambaya a kan shafi na goma sha ɗaya.

Dare uku na kwana a wurin aiki ina rubutawa da kaina, janareta na ci mini mai. Na faɗi irin alminiyon da zan yi amfani da shi, 6061, da cewa zai zo da takardar masana'antarsa. Wannan batun ma sai da muka yi ja-in-ja, don dattijon ya ga farashin ya ce me ya hana in je Panteka, kasuwar tsoffin ƙarafa, in sayo da araha. A Panteka za ka sami alminiyo mai kyau, ni ma can nake sayen na aikin yau da kullum, amma ba mai ba ka takardar da ta nuna abin da aka haɗa a cikinsa, kuma masu harkar jirgi ba sa karɓar "wallahi mai kyau ne". Matashiyar dai ta karɓi rubutuna ta tsara shi tsaf, ta sa lambar shafi, ta ɗinke, har ya fi ƙarfin abin da na saba gani daga hannuna.

Ranar buɗe ambulan a bainar jama'a ake yi, kowa na zaune. Ina kallo aka ajiye fayil ɗin wani kamfani da ya fi ni girma nesa ba kusa ba, saboda shaidarsa ta ITF ta bara ce. Mutumin ya miƙe yana rantse-rantse, ba wanda ya kula shi. A zuciyata na yi wa matashiyar PZ addu'a.

Abu na biyu da nake ƙorafi a kai ya fi na farko ciwo, ko da yake ni ma da laifina. Ma'aunin turin da na'urar tattara bayanansa daga waje ake sayo su, da dala. Lokacin da muka rubuta farashi dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Ba wanda ya ce mini in yi tunanin abin da zai faru idan takardar amincewa ta yi jinkiri, ko in tambayi cibiyar a rubuce yadda za a yi da kayan waje in kuɗi ya motsa. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta yarda a ba ka kafin alƙalami, amma sai ka kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora, shi ma da nasa cajin da ba mu sa a lissafi ba. Na ci kwangilar, amma kafin kuɗin su shigo an shiga 2024, dala ta haura 1,500. Ribar da na hango duk ta tafi a kan ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannuna ba. Ofishin da ya shekara yana haɗa farashi ya kamata a ce shi ya fara ja mini kunne.

Bayan an ci kuwa, ruwansu ya ƙare. Da na koma kan batun bin bauca, wato takardar biyan kuɗi, da takardar kammala aiki, da yadda ake karɓo shaidar harajin da aka zare daga kuɗina, dattijon ya ce wannan sabon ciniki ne. Ban ji daɗi ba, amma da na duba yarjejeniyarmu, gaskiya babu shi a ciki.

In kai mai gini ne ko mai kawo kaya, ka je ka miƙa musu komai ka yi barcinka. In aikinka na awo ne da injina, irin wanda kuskuren rabin milimita yake ɓata shi, ka ba su takardun hukuma, ka riƙe bayanin fasaha da lissafin kayan waje a hannunka, kuma kada ka sa hannu a shafin da ba ka karanta ba. Ni dai teburin yana can yana aiki, na je na daidaita shi sau uku. Cikon kuɗina bai gama fitowa ba. A satin farko na Janairu na sake hawa matakalar nan mai duhu da fayil a hammata don sabunta shaidu, matashiyar ta ɗago kai ta ce, "Yallaɓai, ka zo da rasit ɗin inshorar yaran kuwa?" Ban zo da shi ba, sai da na koma Muciya.