Adashi ko asusun Mata Masu Dubara?

Matar ƙauye a yankin Maraɗi da ke neman jarin ƙuli-ƙuli ko ƙosai, ba kasafai take tunanin banki ba. Adashi ne ko asusu.

Adashi kowa ya san shi. Mata goma su riƙa zubi duk ran kasuwa, kowace ta kwasa idan layinta ya zo. Babu ruwa a kan kuɗin, babu takarda. Matsalarsa lokaci: idan kwasarki ta faɗo a damina, sa'ad da gyaɗa ta yi tsada, jarin ya rage daraja tun kafin ki auna tiya ɗaya. Idan kuma uwar adashi ta ci amana, sai dai a kai ƙara gun mai gari.

Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991, tsarinsa daban. Ana zubi duk mako cikin akwati mai kwaɗo, a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta lokacin kaka, gyaɗa na araha, ta mayar da ɗan ƙari. Ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba har da ribar.

Wannan ƙarin ne ke sa wasu mata ja da baya, don tsoron cin kuɗin ruwa. Kuma zaman mako-mako na cin lokaci, ga daka, ga ɗiban ruwa.

Ni dai, ga mai sana'ar da ke bin kaka, asusu ya fi, domin ita ke zaɓen ranar da kuɗi zai shigo hannunta.