Sharhi Kan Darasin Hutu na Nazarin Waƙa a Garwa

Darasin hutun da wasu malaman Faransanci suka shirya a nan Garwa ta Kamaru cikin Yuli da Agusta ya sha bamban da waɗanda muka saba gani, domin bai taɓa lissafi ba, bai kuma tsaya maimaita tsoffin tambayoyin jarrabawa ba. Abin da ya sa gaba shi ne nazarin waƙa, da faɗaɗa sanin kalmomi, da karatu a tsanake. Na sa 'yata ne saboda bana za ta shiga ajin da ake zana BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a ƙarshensa, kuma matsalarta irin ta yaranmu da yawa ce: Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, sai ka ji yaro yana karanta shafi guda ba gargada, amma ka tambaye shi abin da shafin ya ce ya yi shiru.

Inda darasin ya ci kuɗinsa shi ne rashin gaggawar malamar da ke ɗaukar nazarin waƙa. Waƙa guda mai ɗango 14 takan ɗauke su zama biyu, wani lokaci ma fiye. Za a karanta da ƙarfi, a sake karantawa, sannan ta tambayi wanda ke magana a cikin waƙar da wanda ake yi wa maganar, kuma ba ta karɓar amsa sai yaro ya ɗora yatsa kan kalmar da ta sa ya faɗi haka. Wannan sharaɗin ne ya fi sauya 'yata, don a da amsarta daga ka take fitowa, ba daga takarda ba.

Na kuma yaba da yadda ta koyar da awon waƙa. Waƙar Faransanci ƙirga gaɓoɓi take yi, shahararren ɗangonta mai gaɓa 12 ne da ake ɗan numfasawa a tsakiyarsa, alhali rubutacciyar waƙar Hausa, da ta gaji arulin Larabci, nauyi da sauƙin gaɓa take bi. Malamar ba Bahaushiya ba ce, amma ta gane cewa yaran da suka tashi da ƙasidun Islamiyya sun riga sun san baiti da amsa-amo da kunnensu, sai ta sa su rera abin da suka haddace suna tafa gaɓoɓi, daga nan ta ja su zuwa ga Faransanci. Ko wasalin nan “e” na ƙarshen kalmar Faransanci da ake ƙirgawa a wani wuri a haɗiye shi a wani, wanda ya wahalar da mu a zamaninmu, da tafi suka koye shi.

Ɓangaren kalmomi kuwa bai gamsar da ni ba. Wani malami daban ke ɗaukarsa, kuma jerin kalmomi yake rabawa a haddace da ma'anoninsu, ba tare da sun fito daga waƙoƙin da ake nazari ba. Yarinyar ta ci gwajin mako, amma da hutu ya ƙare rabinsu sun bi iska. Da na yi masa magana ya ce, “Alhaji, lokaci ne ya yi mana kaɗan,” na karɓi uzurin amma ban yarda da hanyar ba.

Takardun da aka raba ma wasu sun dushe har wasullan masu alama ba sa fitowa, abin da ba ƙaramin lahani ba ne ga mai ƙirga gaɓa. Ajin kuma ya cika fiye da kima, ta yadda yaro mai kunya zai iya zama a baya har a tashi ba a kira shi ba. Kuɗin bai kai na malamin da ke zuwa gida ba. Ƙanin 'yata zan sa shi baɗi idan Allah ya kai mu, amma sai na ji an raba ajin biyu kafin in biya.