Jita mai feda: me ake samu idan aka bar ta koyo aka koma ta ƙwararru

Jita mai feda, wadda Turawa ke kira fedal-sitil, kwantar da ita ake yi a kan ƙafafu huɗu kamar teburin tela. Hannun hagu na zamar da sandar ƙarfe a kan tsirkiya, na dama na kaɗawa da farata uku da ake sa wa yatsu, ƙafar hagu na taka feda, gwiwoyi na tura liba, wato sandunan da ke rataye a ƙarƙashinta; feda da liba duk ɗaga muryar tsirkiya ko sauke ta suke yi. Wanda kunnensa ya saba da goge zai gane muryarta nan take, don ita ma jan murya take yi, ba tsalle ba. A Nijeriya Demola Adepoju ne ya yi suna da ita a ƙungiyar King Sunny Ade. Wannan sharhi na wanda ya riga ya mallaki ta koyo ne, yana tunanin ko lokacin sauyawa ya yi.

Guda biyu muka ajiye gefe da gefe a ɗaki ɗaya a nan Katsina, suka ga hunturu, suka ga bazara, suka ga damina. Ta farko ta koyo ce mai tsirkiya 10, feda 3, liba 4. Ta biyu ta ƙwararru ce, samfurin da ake kira SD-10, wato wuya ɗaya (jerin tsirkiya ɗaya) a kan faffaɗan jiki mai matashin ɗora hannu, feda 3, liba 5. Dukkansu a kan tsarin ɗaurin tsirkiya da ake kira E9 suke, amfilifaya ɗaya, fedar ƙarar sauti ɗaya.

A fara da abin da ba za a so ji ba: murya ba ta canza sosai. Ta ƙwararru ta fi riƙe sauti idan aka wuce layi na 15 a cikin layukan da ke zane ƙarƙashin tsirkiyoyi, kuma ƙananan muryoyinta sun fi kauri, amma wanda ke zaune a bayan ɗaki da wuya ya bambance. Murya a hannu take. Kuɗin da aka ƙara, wanda a sabuwa yakan ninka na ta koyo sau biyu zuwa uku, ƙarƙashin jiki ya tafi. Sai ka kifa ta ka leƙa cikinta sannan za ka ga abin da ka saya.

A cikin ta koyo, maƙalan da ke jan rodi a manne suke a kan sandunansu, kuma yatsun injin sauyi, ƙarafan da rodi ke ja su sauya murya, waɗanda kowace tsirkiya ke ɗaure a kansu ta ɓangaren dama, ramukansu kaɗan ne. Yadda masana'anta ta tsara ta haka za ta tsufa. Fedojin uku ana kiran su A, B da C. Feda A na ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga muryar B zuwa C#, feda B na ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, feda C na ɗaga ta 4 da ta 5. Liba ɗaya na kai E biyu, wato ta 4 da ta 8, zuwa F, wata na sauke su zuwa D#. Wannan ya isa aikin shekaru, kada wani ya ruɗe ka. Kod ɗin G (haɗin muryoyi) kaɗai na samuwa a layi na 3 ba feda, a layi na 6 da feda A da libar F, a layi na 10 da feda A da B tare. Wanda bai iya zagaya waɗannan wurare uku ido rufe ba, bai gama da ta koyo ba tukuna.

A ta ƙwararru kowane yatsa na da ramuka uku na ɗagawa, uku na saukewa, kuma duk maƙalan da alanki ake kwance su. Kana iya mayar da libar saukar E daga gwiwar hagu zuwa ta dama, ko ka juya jerin feda daga tsarin Emmons, A-B-C, zuwa tsarin Day, C-B-A, idan idon sawunka ya fi son lanƙwasa ta wancan gefe. Kana iya matsar da rodi rami ɗaya don feda ta yi taushi amma tafiyarta ta yi tsawo, ko ta yi tauri amma gajeriya. Babban amfanin wannan shi ne daidaita tashi: tsirkiya ta 3 siririya ce, tana son dogon ja, ta 6 kuma ɗan ja kaɗan ya ishe ta. A ta koyo ana jin ɗan tuntuɓe a tsakiyar feda B lokacin da ta biyun ta kama. A ta ƙwararru, da zarar an zaɓi ramukan da suka dace, tare suke tashi tare suke isa, ƙafa ba ta jin komai.

Sai liba ta biyar, wadda ake ɗagawa sama da gwiwar hagu, mai sauke B zuwa Bb. Ita kaɗai ba wani abin a zo a gani ba ce. Daɗinta sai an haɗa ta da feda A: feda ta ɗaga cikakken taki, liba ta sauke rabi, a samu C a tsakiya. Wannan rabon murya yawancin na koyo ba sa yin sa daidai, a wasu ma ɗagawa ce kawai ke rinjaye. Ta ƙwararru na da ƙaramin sukuru a bayan kowane yatsa don wannan aiki, kuma jerin saitinsa ba ya son a tsallake: a saita tsirkiya a sake daga makullan hagu, a taka feda a saita C# da notin roba na ɗagawa da ke ƙarshen rodi, a haɗa feda da liba a saita C da notin saukewa, sannan a saki feda a riƙe liba kaɗai a saita Bb da sukurun baya. Wanda ya fara da sukurun zai yini yana bin inuwarsa.

Abu na biyu da kuɗin ke saya shi ne tsayuwa. Idan aka taka A da B tare, jikin jitar na ɗan lanƙwasa, sai tsirkiyoyin da ba a taɓa ba su sauka. Gwajinsa mai sauƙi ne: kaɗa ta 4, kalli na'urar saiti, taka feda biyun. Ta koyon da muka gwada ta sauka kusan senti 8 (senti 100 ne rabin taki), ta ƙwararrun kusan 3. Babu wadda ba ta sauka ko kaɗan, duk mai sayarwar da ya ce tasa ba ta yi, a nemi ya nuna da na'ura. Haka kuma idan aka tura liba da ƙarfi, ta koyo na rangaji gefe saboda rashin nauyi da sirantar ƙafafu, har sandar ƙarfe ta kauce daga layi. Ta ƙwararru daram take. Amma nauyin da ya tsayar da ita shi ne zai karya maka baya: a cikin akwatinta ta haura kilo 20, mai wuya biyu kuwa, D-10, tana kai kilo 30 ko fiye. A Keke Napep sai dai ta cinye kujerar baya ita kaɗai.

Shi ya sa ba mu ga hikimar tsallakawa kai tsaye zuwa D-10 ba. Wuya na biyu, C6, na kiɗan jaz ne da makamantansa, yana zuwa da ƙarin feda 5 da ƙarin tsirkiya 10 da za a riƙa saye. Wanda zai raka waƙar Hausa ko kiɗan biki da ita, E9 ta wadatar. Haka tsohuwar jitar kamfanin Emmons mai tsarin tura-da-ja ta shekarun 1960 da 1970: muryarta ta yi suna kuma ta cancanci sunan, amma gyaranta sai wanda ya san ta, ɗagawa da saukewa na cin juna idan ba a bar sarari daidai ba. A garin da kai ne makaɗi kai ne makanike, a tsaya kan tsarin ja zalla, irin wanda Mullen, MSA, Williams, GFI da Show Pro ke ƙerawa a yau.

Yanayinmu ne ya fi gwada su. Da hunturu ƙura na shiga tsakanin yatsun injin sauyi, idan ta tarar da mai da yawa sai su haɗu su zama kamar kwaɓin laka. Alamar farko ita ce tsirkiya ta 4 ko ta 8 ta ƙi komawa daidai bayan an saki liba. Ta ƙwararru ta fi fuskantar wannan, don kowane yatsa nata faranti biyu ne zuwa uku masu gogar juna, ta koyo kuwa sauƙin ƙirarta ya cece ta. Magani: ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane yatsa da kowace ƙaramar taya ta ɓangaren makullai, sau biyu a shekara, a goge ragowar da tsumma. Kada a kusanto da man feshin nan na kwance tsatsa, yana bushewa ya bar danƙo. Kafin a sa mai a fara hure ƙurar da abin hura iska na masu gyaran kwamfuta. Sannan a rufe ta da zani duk lokacin da aka tashi, ko da tashin sallah ne.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe na miƙewa. Idan aka fito da ita daga but ɗin mota aka shigar ɗaki mai sanyi, a ba ta minti 20 zuwa 30 kafin a taɓa ko da noti ɗaya. Masu gaggawa su ke faɗawa babban kuskuren da ke sa sabuwar jita ta zama kamar lalatacciya: a yi ta ɗaure notin roba har yatsa ya kasa komawa mazauninsa. Daga nan duk abin da aka saita sai wani ya kauce. Idan haka ta faru a sassauta duk notocin wannan tsirkiya har su saki, a saita ta a sake, a dawo ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan. Dole ne a bar ɗan wasa a kowane rodi kafin ya fara ja. Game da jiki kuwa, a zaɓi mai rufin fomika. Mai fentin sheƙi ya fi kyau a ido, amma tsakanin bushewar hunturu da raɓar damina katako na motsi, fenti na tsagewa.

Tsirkiya ta 3 ita ce mai ciwon kai a kowace iri. Kaurinta inci .011, ana ɗaure ta a G# sannan feda ta kai ta A, gab da iyakarta ke nan. A ta ƙwararru ta fi daɗewa saboda saman yatsan ya fi santsi, amma tana tsinkewa. A sayo ta dozin-dozin tare da jitar. Idan an ƙure, ta jitar lantarki mai kauri ɗaya daga shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano na iya riƙe ka. Wajen ɗaurawa a naɗa ta zagaye biyar zuwa shida har ta wuce ramin makulli, a kai ta F#, a taka feda sau da yawa, a kai G, a sake takawa, sannan G#. Kuma idan ta tsinke a nemo ɗan zoben gindinta. In ya faɗa cikin injin sauyi zai tokare yatsa, ka yi ta zargin sifirin alhali ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Wajen oda, abu biyu ake mantawa. Na farko tsayi: a zauna a kan kujerar da za a yi kiɗa, a ɗora ƙafar dama a kan fedar sauti da takalmin da aka saba, a auna daga ƙasa zuwa saman gwiwa, a tura wa mai ƙerawa. Dogon mutum na bukatar ƙarin inci ɗaya ko biyu a ƙafafu da rodin feda, kuma saye daga baya na nufin wani kuɗin jigila. Na biyu maganaɗisun ɗaukar sauti. Mai naɗi ɗaya ya fi haske, amma a gidan da wayar ƙasa ba ta da kyau, ga janareta ga fanka, ƙugin da yake kwasowa ba ya jurewa. A nemi mai naɗi biyu. Amfilifaya irin Peavey Nashville 112 mai wat 80 ta dace da ita, sai dai wadda aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, tamu wutar 230. Ba taransifoma mai sauke wuta, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta.

Idan ta hannu za a saya, a ce mai ita ya ɗauki hoton ƙarƙashinta da haske, da bidiyon na'urar saiti yana taka kowace feda yana saki. A kuma roƙe shi ya tokare katangar cikin akwati, wadda ta raba jitar da ƙafafunta, da guntayen katako, don idan aka jefar da kaya a hanya jitar ce ke fasa katangar ta afka wa ƙafafunta. A haɗa da notocin roba goma, rodi biyu, maƙalai biyu, sifirin biyu da sifanar saiti ta ajiya. Kuɗin jirgi da na kwastan a lissafa su tun kafin a yi ciniki.

Hukuncinmu: ta cancanci kuɗinta ga wanda ya kai matsayin da yake jin wata murya a kansa amma jitarsa ba ta da hanyar ba shi, ko wanda ke fita aiki da ita kullum yana fama da rangaji. Wanda har yanzu ke kokawa da kashe tsirkiya da gefen hannu, gara ya sa kuɗin a amfilifaya mai kyau da kujera mai tsayi daidai. In da hali kada a sayar da ta koyon, ita ce ta zuwa atisaye.

Wani ƙaramin abu da takardar masana'anta ba za ta faɗa ba: libobi biyar sun cika ƙarƙashin jitar, babbar riga na sarƙewa a cikinsu, har hannun riga ya kwanta a kan tsirkiya ta 10 ya kashe ta. Kaftani da wando sun fi. Silifa kuma na zamewa lokacin da ake mirgina ƙafa daga A zuwa B, sau-ciki mai laushin ƙasa ake so.