Faris ko Landan: wanne ya fi daɗin yawo da ƙafa?

Malam, ka ce hutun kwana huɗu gare ka, kuɗin biza ɗaya za ka iya fitarwa, kuma kai mai son taka ƙasa ne ka ga unguwanni da gidajen tarihi da idonka. Tambayarka ita ce tsakanin Faris da Landan wanne za ka zaɓa. Ka yi daidai da ka raba su, domin bizar Schengen da ake shiga Faransa da ita ba ta aiki a Ingila, ta Ingila ma ba ta aiki a Faransa, duk da cewa jirgin ƙasan Eurostar awa biyu da 'yan mintuna yake yi a tsakaninsu. Idan yawon ƙafar ne babban abin da zai kai ka, Faris za ka nufa. Idan kuwa gidajen tarihi ne a gabanka kuma aljihu bai yi nauyi ba, Landan ta fi. Ga dalilaina.

Mu fara da girman gari, don shi ne ke yanke wa ƙafa hukunci. Faris ta ainihi ƙarama ce ƙwarai, murabba'in kilomita 105 ce kawai, babban titi ya kewaye ta a daidai inda tsohuwar ganuwarta take, kamar yadda ake cewa cikin badala da waje a Kano. Daga arewa zuwa kudu ba ta kai kilomita 10 ba, mai lafiyar ƙafa zai ratsa ta tsakanin hantsi da azahar. An raba ta gunduma 20, lamba ɗaya a tsakiya wajen gidan tarihin Louvre, sauran suna kewayawa zuwa waje. Landan kuwa ta haura murabba'in kilomita 1,500. Ƙauyuka ne da garuruwa suka yi ta girma har suka haɗe, kowanne da kasuwarsa da halinsa. Shi ya sa a Faris kana fita daga masauki yawo ya fara, a Landan kuma sai ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ko bas ka sauka a unguwa, ka zagaya ta, ka sake hawa zuwa wata.

Kamannin titunan ma tarihi ne ya raba su. Tsakanin 1853 da 1870 Sarki Napoleon na Uku ya ɗora wani jami'i mai suna Haussmann a kan Faris, ya rusa matsattsun lunguna, ya zana manyan tituna miƙaƙƙu masu bishiyoyi, ya sa gidaje suka zama kusan tsayi ɗaya da farin dutse iri ɗaya. Talakawa da yawa sun rasa matsuguni a wannan aiki, amma mai tafiya a yau yana cin moriyarsa: hanyar ƙafa mai faɗi, kuma kusan kowane titi akwai wani gini a ƙarshensa da ke jan ka gaba. Landan ta sha gobara a 1666, aka kawo tsarin sake zana ta, masu filaye ba su jira ba, kowa ya sake gini a kan tsohon harsashinsa. Har yau tsohon garin lunguna ne masu lanƙwasa, ka fito daga wani siririn lungu sai ka ga cocin da ya shekara ɗari uku jingine da benen gilashi. Faris tana ba ka kyau a jere, Landan tana ba ka mamaki a warwatse.

A Faris, yini guda zai iya zama haka ba tare da ka hau komai ba. Ka fara daga tsibirin da ke tsakiyar Kogin Seine, inda cocin Notre-Dame yake, wanda ya ƙone a Afrilun 2019 aka sake buɗe shi a Disambar 2024. Ka tsallaka zuwa unguwar Marais, wadda rusau ɗin Haussmann bai cinye ba, ka zauna a dandalin Place des Vosges na 1612, ka shiga gidan tarihin Carnavalet da ke ba da labarin birnin kansa, shigarsa kyauta ce. Daga nan ka sauko bakin kogi. An hana motoci bin wani dogon sashe na gaɓar, sai masu ƙafa da keke. Za ka iso Louvre, ka ratsa lambun Tuileries, ka ga dogon dutsen da aka kawo daga Luxor ta Masar aka kafa a dandalin Concorde a 1836, ka haura titin Champs-Élysées. A lambun Tuileries akwai korayen kujerun ƙarfe birjik a bakin tafki, ba a kafe suke ba, kowa yana jan tasa inda rana ko inuwa ta yi masa daidai, tsofaffi na karanta jarida, ba mai tambayarka ko sisi. Wannan ƙaramin abu yana cikin abin da ya sa nake cewa an gina Faris da tunanin mai ƙafa. Ruwan sha ma akwai shi kyauta a korayen famfunan Wallace da aka fara kafawa a 1872.

Kada ka ɗauka Landan ba ta da nata. Tana da hanyoyi biyu da ban ga abin da ya fi su ba. Ta farko gaɓar kudu ta Kogin Thames, daga gadar Westminster zuwa Tower Bridge, wajen kilomita 4 babu mota ko ɗaya. Za ka wuce Tate Modern, tsohuwar tashar wutar lantarki da aka mayar gidan zane a 2000, ga kubbar cocin St Paul a tsallake, ga kasuwar abinci ta Borough. Ta biyu kuwa ta cikin lambuna ce: St James's Park, Green Park, Hyde Park da Kensington Gardens suna manne da juna, sai ka tashi daga kusa da majalisa ka isa Kensington kusan duk a kan ciyawa. Sai dai idan ka gama waɗannan, sauran wuraren suna nesa da juna, kuma kuɗin jirgi a Landan ba wasa ba ne.

A maganar gidajen tarihi ne Landan ta yi wa Faris nisa, kuma nan nake so ka tsaya ka yi lissafi. British Museum, National Gallery, Victoria and Albert, gidan tarihin halittu, gidan kimiyya, Tate, duk shigarsu kyauta ce, sai dai nune-nune na musamman. Amfanin wannan ya wuce na kuɗi. Wanda bai biya ba ba ya jin dole sai ya ga komai. Ka shiga, ka ga ɗaki biyu, ƙafa ta gaji ka fita, gobe ka dawo. A Faris manyan duk da tikiti. Na Louvre ya haura Yuro 20, kuma gara ka yanka ta intanet da lokacin shiga tun kafin ka taso. Wanda ya biya kuwa yakan takura wa kansa har ya fito a galabaice. Ka riƙe wannan: Louvre ba ta buɗewa ranar Talata, gidan tarihin Orsay kuma ranar Litinin. Duk da haka Louvre ta cancanci kuɗinta. Fada ce kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1793. Jama'a na yin dafifi a gaban Mona Lisa, zanen da bai kai tsawon mita ɗaya ba, alhali dutsen dokokin Hammurabi da sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012 suna nan babu turereniya. Takwaransa a Landan shi ne ɗakin fasahar Musulunci na Victoria and Albert, inda aka shimfiɗa katafariyar dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran wajen 1540.

Akwai abin da zai taɓa maka zuciya a garuruwan biyu. A British Museum, idan ka sauka ƙasa zuwa ɗaki na 25, za ka tarar da allunan tagulla na Masarautar Benin ta Najeriya an jera su a jikin sandunan ƙarfe. Ka matsa kusa. Za ka ga Oba, wato sarkin Benin, da fadawansa, za ka ga Turawan Fotugal da dogon gashi, kuma a gefen allunan za ka ga hudojin ƙusa inda aka kafa su a ginshiƙan fada kafin sojojin Birtaniya su kwashe su a 1897. Kayan Benin wajen 900 ne a hannun gidan, kuma Najeriya ta daɗe tana neman a dawo da su. A Faris irin wannan ɗakin yana gidan tarihin Quai Branly, kusa da hasumiyar Eiffel, wanda aka buɗe a 2006. Daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. Ni dai ra'ayina kayan nan gida ya kamata su koma, amma muddin suna can, ɗan Afirka ya fi kowa haƙƙin tsayawa a gabansu ya kalle su da kyau. Idan ka fito daga British Museum, makarantar SOAS da ta daɗe tana koyar da Hausa tana nan bayan gidan. Ka gangara kudu zuwa titin Strand kuma za ka ga Bush House, inda muryar BBC Hausa ta riƙa fitowa shekara da shekaru har aka tashi daga ginin a 2012. Duk wanda ya girma da rediyo a kunne zai so ya tsaya nan ko na minti biyar.

Unguwannin baƙi kuwa kowane gari da nasa, gwargwadon ƙasashen da ya mallaka. A Faris, Château Rouge da ke gunduma ta 18 ita ce kasuwar 'yan Afirka ta Yamma: kuɓewa, doya, manja, busasshen kifi, atamfa, ana ciniki da Faransanci da Wolof da Bambara. Daga nan hawa kaɗan ne zuwa tudun Montmartre inda ake hango garin duka, wato yawo ɗaya ya haɗa maka biyu. Babban masallacin Faris an buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya suna yi wa Faransa yaƙi. Gini ne irin na Magrib, da lambu da tayil kore, a gefensa ana shan shayin na'ana'a. A Landan, Peckham ce matattarar 'yan Najeriya, amma sai ka hau bas. Whitechapel ta fi kusa, nan babban masallacin gabashin Landan yake, abincin halal kuma ko'ina. Ka taka zuwa Brick Lane ka ga wani gini guda: an gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan gudun hijira, ya koma wurin ibadar Yahudawa a 1898, ya zama masallacin 'yan Bangladash a 1976. Tarihin duk wanda ya zo unguwar nan neman mafaka yana jikin bangon nan.

Sauran ƙananan abubuwa. Harshe yana wajen Landan idan Turanci kake ji, ɗan Nijar kuwa Faris gida ce gare shi. A Faris kada ka tambayi kowa komai sai ka fara gaishe shi da bonjour, rashin gaisuwa rashin ladabi ne a wurinsu. A Landan motoci hagu suke bi, shi ya sa aka rubuta da farin fenti a bakin titi cewa ka dubi dama, kuma ka bi wannan rubutu da gaske. Ɓarayi akwai su a duka biyun: 'yan sane a jiragen Faris da wajen Eiffel da Montmartre, masu fizgen waya a kan keke a Landan. Idan da iyali za ka, ka sani dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, hijabi dai babu matsala a titi. Lokacin tafiya ma da muhimmanci. A Yuni rana kan kai kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba a Faris, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi a Landan, ga sanyi.

Tunda kwana huɗu ne kuma ƙafa ka ce, ni Faris zan tura ka. Ka nemi masauki a cikin gundumomin nan 20, ko da ɗakin ƙarami ne, don wanda ya sauka a wajen gari ya zubar da ribar ƙanƙantar birnin. Ka biya wa manyan gidajen tarihi biyu kawai, Louvre da Quai Branly, sauran lokacin ka ba tituna da Carnavalet da gidan zanen Petit Palais da ba a biya. Landan ka ajiye ta sai ka samu mako guda, domin British Museum kaɗai za ta ci maka yini biyu. Ka tafi da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, titunan Marais da Montmartre na duwatsu ne.